Dalilin da Ya Sa Ƙirjin Hankaka Ya Yi Fari

Dalilin da ya sa kuke ganin hankaka da fari a ƙirji, alhali sauran jikinsa baƙi wuluk, shi zan gaya muku yau, in dai za ku bar ni in yi magana. Kai Tanimu, cire hannunka daga cikin gyaɗar nan, ɓara na ce ku yi, ban ce ku cinye ba. Ke kuma Lantana matso kusa, ba zan tsaga maƙogwarona saboda ke ba.

A zamanin da nake ba ku labari, hankaka baƙi ne tun daga baki har wutsiya, kamar gindin tukunya. Yana zaune a wani gari da ake kira Tudun Marke, a kan wata tsamiya da ke tsakar gidan wata tsohuwa mai suna Tabawa. Rani da damina yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Shi ke tsince ƙanzon da aka zubar, shi ke yi wa kaji ihu in shirwa ta kawo farmaki. Da yake a lokacin tsuntsaye suna magana da mutane, kullum da hantsi sai ya sauko kan danga, Tabawa tana kaɗi suna hira.

Ita Tabawa tana da wani aiki da ta gada wurin mahaifinta, shi ne aikin goran shamuwa. Kun dai san shamuwa, da kaka ta yi sai ta tafi, ba a sake ganinta sai bazara, gab da saukar ruwa. To ranar da shamuwa ta tashi daga tsamiyar nan, sai Tabawa ta ɗauko sabon gora, kowace safiya ta jefa ƙwallon tsamiya guda ɗaya a ciki. Ranar da shamuwa ta dawo kuwa, sai ta zazzage ƙwallayen a tabarma ta ƙirga, ta tsaga adadin a jikin goran da wuƙa, ta mayar da su, ta toshe bakin da laka, ta rataye a ɗaki. Kowace shekara da goranta. Nata da na mahaifinta sun kai arba'in da wani abu, reras a jikin bango. Duk cikinsu babu shekarar da shamuwa ta zo kafin kwana ɗari da casa'in da biyar, babu kuma wadda ta wuce ɗari biyu da biyar.

Ba ita kaɗai take sa ido ba, tana da masu kawo mata labari. Akwai Ja'e, wani Bafulatani mai kiwo, shi yakan fara ganin shamuwa a fadama. Washegari sai Kuluwa mai itace ta gan ta a bakin kurmi. Rana ta uku kuma sai ga ta a ƙololuwar tsamiyar Tabawa. Haka take yi kowace shekara, fadama, kurmi, tsamiya.

Al'adar garin ita ce babu mai taɓa irin shukarsa sai Tabawa ta fito ƙofar gida ta ce shamuwa ta sauka. Da ta faɗa, sai kowa ya nufi gona a yi binne, wato a zuba gero a busasshiyar ƙasa a rufe, ya jira ruwa. Ba a cika kwana goma sai ruwa ya sauka, shuka ta fito tare. In an gama binne kuma sai a taru ƙarƙashin tsamiya, mata su yi guɗa, a dama fura, yara su yi ta tsalle suna waƙa:

"Baƙuwar bazara, sannu da hanya,
Kin zo da ruwa, mun fito da iri."

Ranar nan fa ita ce ranar baƙin cikin hankaka. Da ma shi ke kwana a ƙololuwar tsamiya duk rani. Da shamuwa ta zo sai ya tattara ya koma reshen ƙasa, inda hayaƙin murhu ke buge shi. Yana nan a takure yana kallon ana rangaɗa wa wata guɗa a kan itacen da shi ya yi gadinsa wata bakwai. Ƙyashi ya yi ta cin sa har abinci ba ya wuce masa.

Wata shekara dai ya kasa daurewa. Bayan an watse, ya sauko kan danga, fuska a murtuke.

"Iya," in ji shi, "tambaya gare ni. Shekara nawa muke tare da ke a gidan nan?"

Tabawa ta ce, "Oho, an jima. Tun ina da haƙoran gaba."

"To a cikin gorunan nan da suka cika miki ɗaki, wanne ne nawa?"

Tabawa ta yi dariya har mazari ya kuɓuce mata. Ta ce, "Kai Hankaka, ba ka rabo da abin dariya. Ranar zuwa nake tsagawa a jikin gora. Kai da ba ka taɓa tafiya ba, wace ranar zuwa zan tsaga maka?"

Hankaka ya ce, "Au, laifina shi ne ban gudu na bar ku ba? Ita da zafi ya yi sai ta kwashe ƙafafunta ta yi kudu, sai an kusa jin daɗi ta dawo, ita ce ta gora da guɗa. Ni da na sha ranar nan tare da ku, ko sannu."

"Sannu," in ji Tabawa, tana share ƙwallar dariya.

Wannan sannun ta fi zagi yi masa ciwo. Ya ce a ransa, tafiya ce dai ko? Ai ni ma ina da fiffike. Washegari da sassafe ya tashi ya tafi wani ƙauye can gaba, ya yi kwana uku a kan wata kuka yana ta ƙiyasta yadda Tudun Marke ta rikice da nemansa. Rana ta huɗu ya dawo, ya zagaya garin sau biyu a sama don kowa ya gani, ya sauka a kan danga yana gyara fiffike.

Tabawa ta ɗago kai ta ce, "Yauwa Hankaka, ɗan kore mini kajin nan daga shanya."

Ya ce, "Iya, na dawo."

Ta ce, "Au, tafiya ka yi?"

Wayyo! Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya tashi ya koma reshensa na hayaƙi. Ita kanta Tabawa da ta ga yadda ya tashi, jikinta ya yi sanyi, ta san ta ɓata masa rai. Amma shi bai tsaya ya ga fuskarta ba. Daga ranar nan hirarsu ta ragu, in ya sauko ma sai gaisuwa sama-sama.

Daminar wannan shekara ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ba, aka girbe abin da ba a rasa ba. Kafin rani ya yi nisa rumbuna sun yi fayau, mutane suka koma tafasa da rama da zogale. Abin da ya rage a kowane gida shi ne irin shuka kaɗai, an ɗaure a tukunya an liƙe, uwa tana jin kukan ɗanta ba ta buɗewa. Kowa ya san iri na shuka ɗaya ne. In ya tafi a banza, babu na biyu.

To a irin wannan hali, zancen kowa shamuwa. A rijiya shamuwa, a kasuwa shamuwa. Kullum sai an yi sallama a gidan Tabawa, "Iya, saura kwana nawa?" Yara suka riƙa zuwa suna ɗaga kai suna leƙen ƙololuwar tsamiya, in suka ga hankaka sai su ja tsaki su ce, "Wannan ne ma." Ku ji fa, wannan ne ma! Ko ni aka gaya wa haka sai na kwana ban yi barci ba.

Hankaka ya yi ta saƙe-saƙe. Ya ce, me shamuwar nan ta fi ni da shi? Baƙa ce, ni ma baƙi ne. Ɗan farin nan na ciki ne kawai, sai kuma rufe baki da take yi kamar ta Allah. In fari ne ai ana samunsa.

Akwai wani magini a bayan gari da yake shafe ɗakin wani attajiri da farar ƙasa. Shi kuwa maginin nan yana da dabara, yakan jiƙa ƙaro ya zuba a cikin farar ƙasar don kada ruwa ya wanke ta. Hankaka ya laɓe har magini ya tafi cin abinci, ya sauko ya tsoma ƙirjinsa a cikin kaskon, ya juya wuya ya shafa har ƙeya. Ya hau dutse ya shanya kansa a rana. Da ya bushe ya leƙa ruwan kududdufi, ya ga kansa, ya ce, "Madalla. Yanzu sai a gaya mini wanda ya fi wani."

Kada ku manta, shekara da shekaru yana kan danga yana jin duk abin da ake kawo wa Tabawa. Ya san tsarin sarai. Saboda haka bai yi gangancin zuwa tsamiya kai tsaye ba. Ya fara zuwa fadama da asuba, ya hau kan wata doguwar giginya daidai inda Ja'e ke wucewa da shanu, ya turo ƙirji, ya kame bakinsa. Ja'e ya ɗaga kai, rana tana dukan idonsa, ya hango baƙi da fari. Ko sandarsa bai ɗauka ba, ya zubo da gudu cikin gari.

"Inna! Inna! Na gan ta! Tana fadama!"

Tabawa ta ce, "Wa ka gani?"

"Shamuwa mana! Da idona, a kan giginya."

Tabawa ta shiga ɗaki ta ɗauko goran bana, ta zazzage a tabarma, ta ƙirga goma-goma. Ta sake ƙirgawa. Ɗari da saba'in da uku. Ta ce, "Ja'e, koma wurin shanunka. Da sauran kwana ashirin da wani abu ko a shekarar da ta fi sauri."

Washegari sai ga Kuluwa, ta yar da itacenta a hanya, tana haki. "Iya, tana bakin kurmi! Wallahi na gan ta, fari ƙal a ciki."

Rana ta uku gari ya waye, sai ga abu a ƙololuwar tsamiya, baƙi da fari, shiru, ko motsi ba ya yi.

Me ka ce, Tanimu? Shamuwa ta fi hankaka girma, ga dogayen ƙafafu? Sannu sarkin sani! Ka taɓa tsayawa gindin tsohuwar tsamiya ka hango ƙololuwa? Ganye ya rufe ƙafa, ya rufe baki, farin kawai ake hangowa. Ga shi mutanen nan wata biyar suna cin ganye. Mai jin yunwa irin wannan, ko tsumma ka rataya masa zai rantse shamuwa ce. Yi mini shiru in ci gaba.

Kafin hantsi gidan Tabawa ya cika maƙil. Sarkin Noma Ɗangoje da kansa ya zo, ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ga baƙuwa ta sauka. Ke muke jira."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, gora bai cika ba. Yau ɗari da saba'in da biyar. Ga na mahaifina nan, ga nawa, a duba. Ba ta taɓa zuwa a irin wannan lokaci ba."

"To bana ta zo. Allah ya dubi halin da muke ciki ya turo ta da wuri. Ja'e ya gan ta a fadama, Kuluwa ta gan ta a kurmi, ga ta kuma a kan itacenki. Me ya rage?"

"A ba ni kwana biyu," in ji ta.

Aka ba ta, amma ba da daɗin rai ba. Cikin kwana biyun nan babu abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce tsufa ya kama ta, ta manta ba ta jefa ƙwallo wasu ranaku ba. Wasu suka ce ai idonta ya yi hazo. Wata ma cewa ta yi, baƙin ciki take yi don Ja'e ya riga ta gani. Duk yana shiga kunnenta. Ita kanta sai ta fara kokwanto. Ta tuna ta yi zazzaɓi da sanyin bana, ta kwanta kwana da kwanaki. Anya kuwa ta jefa ƙwallo a ranakun nan? Ta san ta jefa, amma da mutum ɗari suka ce ba ta jefa ba, sai sanin nata ya fara rawa.

Shi kuwa gogan yana can sama, yunwa kamar ta kashe shi. Shamuwa ba ta cin ƙanzo, saboda haka ba dama ya sauko. Sai in ya ga ba kowa ya saci jiki ya kama fara biyu uku, abin da bai taɓa so ba, ya komo ya turo ƙirji. Amma in ya leƙo ya ga garin nan kaf kai a sama ana kallonsa, sai ya ji yunwar ta tafi.

Da kwana biyu suka cika, Sarkin Noma ya dawo da dattawa. Ya ce, "Iya, in ruwa ya sauka iri yana cikin tukunya, wa zai ɗauki alhakin mutanen nan? Idon mutum biyu, da na gari duka, ko ƙwallon tsamiya?"

Tabawa ta fita tsakar gida, ta kare ido da hannu, ta daɗe tana kallon sama. Ta ga fari, ta ga baƙi. Ta ce a hankali, "Allah ka gani, gorana bai yarda ba." Sannan ta taka zuwa ƙofar gida, ta ɗaga murya yadda mahaifinta yake yi, ta ce, "Shamuwa ta sauka!"

Kai, ka ga gudu! Aka fasa liƙin tukwane, maza da sungumi, mata da yara da ƙorai a baya suna zubawa suna rufewa da diddige. Kwana uku ana binne. Babu gidan da ya rage ko tafin hannu, har Tabawa ta ba da nata aka zuba a 'yar gonarta. Ta toshe goran bana da laka ta rataye.

Da aka gama aka taru gindin tsamiya. Babu geron fura, sai aka jiƙa tsamiya da ruwa aka sha, amma guɗa kam an yi ta har ta fi ta kowace shekara. Yara suka kama waƙa. Wata tsohuwa ta fito fili tana kirari, "Shamuwa 'yar albarka! Shamuwa mai tausayin talaka! Kin ga wahalarmu kin yi sauri. Wa ya kai ki a cikin tsuntsaye?"

Hankaka yana sama yana ji. Da farko daɗi ya cika shi, har gashinsa ya mimmiƙe. Can sai daɗin ya fara komawa ɗaci. Ya ce a ransa, tsaya, wa ake yabo a nan? Ni na sha farar ƙasa, ni na kwana da yunwa, ni na ci fara. Ita tana can kudu ko tasowa ba ta yi ba, amma sunanta ake kira. Shamuwa, shamuwa, shamuwa! Ko tana nan ita ce, ko ba ta nan ita ce.

Sai wani daga cikin taron ya ce, "Ni fa kwana biyu ban ga baƙin mayen nan hankaka ba." Wani ya amsa, "Bar shi, ya ga manya sun zo ya ɓuya." Aka kwashe da dariya.

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Ya daka tsalle ya fito fili a kan reshe, ya buɗe fiffike, ya wage baki.

"Ni ne! Ni ne Hankaka! Ni kuke yi wa guɗa! Babu wata shamuwa, ni ne! Ku kira sunana!"

Guɗa ta tsaya cak. Babu wanda ya ɗauki dutse ma tukuna, kowa gonarsa ya tuna. Sarkin Noma ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Tabawa ta juya ta shige ɗaki ta saki asabari. Sai daga baya samari suka farfaɗo suka bi hankaka da jifa, ya tsere daji.

Aka ce ko a tono irin? Ina! Gero ne fa, an watsa shi rami dubu nawa. Sai addu'a. Bayan kwana huɗu aka yi wani ɗan yayyafi na yaudara, wanda ya isa ya tsirar da gero amma bai isa ya riƙe shi ba. Gonaki suka yi kore shar, mutane suka fara murmushi. Sai sama ta washe, rana ta buɗe wuta. Ana ji ana gani tsiron nan ya yi laushi, ya kwanta, ya ƙone. Wanda bai tsira ba kuma tururuwa da zabbin daji suka kwashe.

Ranar da ya kamata a ce gora ya cika ɗari biyu cif, shamuwar gaskiya ta sauka a kan tsamiya. Babu guɗa, babu waƙa, ko yaro ɗaya bai fito ba. Bayan kwana takwas ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, a kan gonakin da babu komai a cikinsu. Magidanta suka bazu ƙauyuka roƙon iri, wani ya samo ɗan kaɗan, wani ya dawo hannu biyu. Gidaje da yawa suka kwashe suka bar garin a shekarar, wasu ba su sake dawowa ba.

Shi kuwa hankaka, da ruwan nan ya sauka sai ya tsaya a fili ya buɗe ƙirji don ya wanke. Ruwa ya dake shi har ya jiƙe sharkaf, farin nan ko gezau. Ƙaro da rana sun riga sun gasa shi a jikin gashi. Ya goga a yashi, ya goga a dutse, ya tsattsage da baki har jini. Gashin da ya tuge ma da ya sake fitowa, fari ya fito.

Da abin ya ishe shi, sai ya lallaɓo gidan Tabawa da rana tsaka, lokacin da mutane suke gona. Ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta rame, ba ta kaɗin ma. Ya sauka can nesa a ƙarshen danga.

"Iya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Can ta ce, "Ka san gida nawa aka rufe a garin nan?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Goma sha ɗaya. Kuluwa ma ta tafi da 'ya'yanta. Kuma ba kai suke zagi a hanya ba, ni suke zagi, don ni na buɗe baki na faɗa. Gorana ya gaya mini gaskiya na ƙi ji."

Hankaka ya ce, "Iya, ni ba yunwa na nufa da kowa ba. Gora kawai nake so, ko ɗan ƙarami. In ga dai ni ma an san da ni."

Tabawa ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki. Ta fito da wani ɗan gora, bai fi tafin hannu ba, bakinsa a buɗe. Ta girgiza shi, ƙwallaye suka yi ƙara a ciki.

Ta ce, "Ka san mene ne wannan? Ranar da ka ɓace, na wayi gari ban ji muryarka ba. Na ce wancan karon na ɓata masa rai, wannan karon ba zan sake ba. Na ɗauko goran nan, kullum da safe in na jefa na shamuwa sai in jefa naka. Na ce duk ranar da ya dawo zan ƙirga a gabansa, in tsaga, in toshe, in rataye shi a jere da sauran. Ina nan ina duban hanya, ashe kana bisa kaina."

Hankaka ya ji kamar an soke shi. Ya matso ya ce, "To ai ga ni, Iya. Na dawo. Ki toshe shi."

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta girgiza kai. "A'a. Wanda nake ƙirga wa kwana baƙi ne wuluk, maƙwabcina, mai kore mini shirwa. Shi bai dawo ba tukuna. Ranar da ka zo mini da baƙin ƙirjinka, ranar zan toshe goran nan. Kafin nan yana nan a buɗe."

Ta sa hannu a lefen kaɗinta ta ɗauko ƙwallon tsamiya guda, ta jefa a ciki yana kallo, ta koma ɗaki.

Ya tashi ya nufi rafi. Ya yi wanka ranar, ya yi washegari, ya yi damina ta wuce, rani ya zo. Goran ya cika, Tabawa ta sake wani, shi ma ya cika. Har Allah ya karɓi ranta ba ta toshe ko ɗaya ba. Da hankaka ya yi 'ya'ya, suka fito da farin nan a ƙirji, jikoki ma haka.

Shi ya sa har yau in kuka ga hankaka za ku gan shi da farin da ba nasa ba. Ku lura da shi in ya sami ɗan ruwa a kwata ko a bakin rijiya, zai tsoma ƙirji ya yi ta tsattsaga da baki, ya duba, ya sake tsattsagawa. Daga nan sai ya tashi ya sauka a kan dangar mutane, ya leƙa tsakar gida ya yi ta kira, ko akwai wadda za ta fito ta ce ya dawo. Ba mai fitowa sai mai korarsa.